Tukunyar Baya a Shagon Basha

Mutumin da ya yi mini hanyar Dubai ya ce aikin kula da sito zan yi, in zauna a kan kujera ina kallon kaya suna shiga suna fita. Da na isa unguwar Al Kuz a shekarar 2012, sito kam na gan shi, ya kai girman layin kasuwa guda, amma kujera ban gan ta ba. Dako ne tsagwaronsa. Kwalayen tayil, injinan ban ruwa, firji, a sauke daga wannan kwantena a loda a waccan, cikin zafin da ke sa ƙarfe ya ƙona tafin hannu. Na daɗe ina ɗaurin dila a Kantin Kwari, don haka nauyi bai ba ni tsoro ba. Shekaruna ne suka ba ni tsoro, domin na kusa hamsin, abokan aikina kuwa yawancinsu sa'o'in babban ɗana ne. Da na kira mutumin a waya ya ce ai ko kula da sito daga ƙasa ake farawa. Daga ranar lambarsa ta daina shiga.

Tun a watannin farko fomanmu ya gaya mini ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa idan bizata ta shekara biyu ta ƙare, kamfani ba zai sabunta wa mai shekaruna ba. Ke nan sai in samu wani ya ɗauke ni aiki kafin lokacin, ko kuma in koma Ɗambatta, ga shi filina na gado na sayar na biya kuɗin tafiyar, ga yara a makaranta. Da wannan tunani nake kwana, da shi nake tashi.

A sansanin ma'aikata an haɗa ni ɗaki da 'yan Nepal da 'yan Bangaladash, gadaje masu hawa biyu, kowa da igiyar shanyarsa a bakin gado. Mutanen kirki ne, sai dai ba mu jin juna. Abinci kuwa a mota ake kawo mana daga wani kicin da ke dafa wa dubban mutane: farar shinkafa da miyar wake tsararo, an dafa ta yadda ba za ta ɓata wa kowa rai ba, saboda haka ba ta faranta wa kowa ba. Matata Hajara ta cika mini gwangwanin madara da yaji, na yi ta lallaɓa shi har ranar da abokan ɗakina suka ɗanɗana. Ban iya hana su ba. Bayan ya ƙare, ina cin abinci ne kawai don kada in faɗi a bakin kwantena. Wandona ya fara zamewa, na ƙara huda bel ɗina da ƙusa.

Wata rana na'urar sanyaya ofishin foman ta lalace, aka kira mai gyara. Ina wucewa da kwali a kafaɗa sai sifana ta suɓuce wa mutumin daga kan tsani, na ji ya ce, "Kai, wannan wace irin masifa ce!"

Na ajiye kwalin a inda nake tsaye.

"Bawan Allah, Hausa na ji ko kunnena ne?"

Ya leƙo ƙasa yana dariya. "Hausa ce, Baba. Bitrus nake, ɗan Kagoro." Ya sauko, muka gaisa hannu biyu, ya ƙare mini kallo daga sama har ƙasa. "Baba, azumi kake yi ne ba a faɗa mana ba? Dubi wuyanka kamar na zalɓe."

Na ce masa abincin garin nan ne ba ya shiga.

"Ranar Juma'a ka same ni a tashar bas ta Satwa bayan kun sauko daga masallaci. Mu ma a nan ranar Juma'a muke zuwa coci, lokacin mun tashi. Zan kai ka inda za ka daina wannan ramar."

A lokacin ban iya karatun boko ba, sai ya zana mini lambar bas ɗin a bangon kwali, na yaga wurin na sa a aljihu.

Shagon yana cikin wani lungu ne tsakanin wani tela da mai gyaran waya. Tebura 'yan kaɗan, fanka a bango, famfon wanke hannu a can ƙurya. Masu cin abincin yawancinsu direbobin tasi ne da teloli 'yan Indiya. Mai shagon sunansa Basha, Musulmi ne daga wani gari na Indiya da ake kira Guntur, gajere mai tumbi, kullum da tawul a kafaɗa. Ba ya tambayarka abin da kake so. Tire na silba zai dire maka, ya tula shinkafa, sannan ya riƙa zagayawa da ƙananan bokitai yana zuba miya iri-iri a gefe. Ni da shi ba mu da yare ɗaya. Da guntun Larabci da guntun Turanci da hannu muke magana, kuma bai taɓa kirana da sunana ba, Najeriya yake ce mini.

Ranar farko ya zuba mini wata miya mai duhun kore da naman akuya a ciki. Na cuɗa da shinkafa na kai baki, sai na tsaya da lomar ban haɗiye ba. Tsamin nan na san shi.

"Bitrus, wannan ba yakuwa ba ce?"

"Wace yakuwa a Dubai, Baba? Ci abincinka."

Na yafito Basha na nuna masa miyar, na yi masa alamar ganye da hannu. Ya shiga kicin ya fito da reshe guda, jan kara, ganye mai yatsu. Ita ce, irin wadda Hajara ke shukawa a bayan ɗaki da damina. Ya ce, "Gongura." Na ce, "Yakuwa." Ya maimaita, bai iya ba, muka yi dariya. Na karɓi reshen na daɗe ina jujjuya shi, har Bitrus ya ce in mayar wa mutane kayansu, ba tsaraba aka ba ni ba.

Abu ɗaya ne ya rage wa miyar, ba barkono. Na duba teburin da ke kusa da mu, direbobi suna ci suna jan hanci, gumi na ɗiga daga haɓarsu. Tawa kuwa ko jariri zai sha. Bitrus ya yi mini bayani: tukunya biyu Basha ke ɗorawa. Ta gaba ta baƙi ce, Larabawa da 'yan Filifin da mu 'yan Afirka. Ta baya ta 'yan garinsu ce. Wai an taɓa zuba wa wani Balarabe ta baya, ya tayar da rigima har ya ce zai kira hukuma, tun daga nan Basha ya rantse baƙo ba zai ƙara ɗanɗana ta ba.

Daga wannan Juma'ar na fara zarya, na kuma fara roƙo. In nuna tukunyar baya, Basha ya ce, "Shwayya shwayya, Najeriya," wato a hankali, ya zuba mini ta gaba. In buga ƙirji in nuna masa ni mai cin barkono ne, ya shafa cikinsa ya yi fuskar mai ciwo ya nuna ni. Haka muka yi ta yi mako bayan mako. Abin ya ba ni haushi ƙwarai. A wurin aiki an ce na tsufa, a nan kuma an mai da ni yaro. Ranar da haƙurina ya ƙare, na miƙa hannu teburin direbobi, na nemi izini, na ɗebi ɗanyen barkono kore daga cikin farantin albasarsu. Na tsaya a gaban Basha na tauna su ɗaya bayan ɗaya ina kallon cikin idonsa. Kunnuwana suka yi ɗumi, amma ban ƙifta ba. Direbobin suka yi shewa suna buga tebur. Basha ya ɗauke tiren da ke gabana, ya kawo sabo, ya wuce can baya da bokitinsa.

Barkononmu na gida a harshe yake kama mutum nan take, ka san da wanda kake faɗa. Nasu sai ya bari ka haɗiye, ka ɗauki loma ta biyu, sannan ya taso daga ƙirji ya bi ta wuya ya fita ta kunne. Ga tsamin yakuwa yana jan ka ka ƙara. Akwai wani jan gari da suke barbaɗawa a kan shinkafa mai zafi su ɗiga man shanu, kusan yajin tsire ne sai dai da wake aka daka shi maimakon ƙuli. Akwai romon tsamiya da masoro da ake kurɓa, a ƙarshe kuma a kawo kindirmo a cuɗa da sauran shinkafa don a kashe wutar. Na ci har rigata ta manne a bayana. Ranar na yi barcin da ban yi irinsa ba tun da na zo.

Wurin yana da ƙa'ida ɗaya da na koya da wahala. Muddin tirenka ya yi fili, Basha zai ƙara, ba ruwansa da abin da bakinka ke faɗa. Ko ka ce kalas, wato shi ke nan, sau goma, yana ɗauka kunya ce. Sai ka ɗora tafin hannunka a saman tiren, shi ne zai wuce ka. Bitrus kam bai taɓa barin tukunyar gaba ba. Ya ce shi yana da hawa tsani gobe, ba zai mutu don burge Basha ba.

Kowace Juma'a, idan na tashi daga shagon, sai in wuce Dera, inda 'yan kasuwarmu ke sauka a otal-otal. In gaida wannan, in riƙe wa wancan jaka, in raka wani kasuwar zinare, in faɗi buƙatata. Amsa ɗaya ce: "Za mu duba, in sha Allahu." Wasu su ba ni goro, wasu su ba ni lambar da ba a ɗagawa. Watanni suka yi ta tafiya har ya zama saura kaɗan bizata ta ƙare.

Ana cikin haka na ji Alhaji Sabo ya sauka. Shi ɗin na sani tun a Kwari, na ɗaure masa dilolin atamfa ba adadi. Kasuwarsa ta buɗe, ya haɗa gwiwa da wani ofishin aika kaya a Dera, kuma ana cewa yana neman mutum amintacce da zai tsaya masa a kan lodi, ofishin ya yi masa biza. Na same shi a falon otal zaune da abokin wasansa Alhaji Uba, Bazazzagi, wanda shi ma kaya ya zo saye. Na durƙusa na gaishe su.

"A'a, Sale mai dila! Kai ne a nan? Uba, ka ga mutumin nan, idan ya ɗaure kaya ko aljani sai ya nemi wuƙa."

Na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya gyaɗa kai ya ce lallai irina yake nema, in bari ya gama lodin wannan makon mu zauna. Ban taɓa jin magana mai kama da alkawari irin wannan ba. Da na tashi a lokacin na tafi, da shi ke nan. Amma sai hira ta koma kan abinci. Alhaji Sabo ya ce shi Dubai ba abin da ke damunsa da ita sai abincinta, komai salam kamar na asibiti.

"Ni da nake cin attaruhu kamar gyaɗa," ya ce. "A gidana tukunyata daban ake ɗorawa."

"Ƙarya yake, Malam Sale," in ji Alhaji Uba. "Bakano da barkono? Wannan ko citta ya ji a kunu sai ya nemi ruwa."

"Kai dai bawa ba ya raina ubangidansa a gaban mutane."

"Wane ne bawan wani a nan?"

Ni kuma don in nuna ina da amfani, bakina ya riga ni. Na ce akwai wani wuri a Satwa da ake miyar yakuwa da naman akuya, da barkono na gaske. Duka biyun suka juyo. Aka tsayar da Juma'a.

Da na gaya wa Bitrus a waya sai ya ce, "Baba, kai da ke neman aiki, ka kai mutum ya sha shayi mana. Wa ya aike ka?" Na ce ba komai, zan sa Basha ya zuba musu ta gaba, ba wanda zai sani.

Ranar Juma'a muka sauko daga masallaci muka ɗauki tasi. Alhaji Sabo ya sha farar shadda mai aiki a wuya, sai ƙamshin turare yake. Da ya ga lungun ya ɗan yamutsa fuska, amma ya shiga. Basha na ganin manyan riguna ya ruɗe, ya goge tebur da tawul ɗinsa har sau biyu, ya tashi wani tela daga kujerar da ke ƙarƙashin fanka. Na bi shi bakin kicin na rage murya, na nuna baƙina, na nuna tukunyar gaba.

Basha ya zaro ido. Da hannu da baki ya nuna mini cewa manyan garinmu sun zo shagonsa, in ce ya ba su miyar baƙi? Ya kama kunnensa, ya ce, "Aib, Najeriya, aib!" wato abin kunya ne. Muryarsa kuwa ba ta san asiri ba.

"Sale, me kuke ƙullawa a can?" in ji Alhaji Sabo.

Kafin in buɗe baki Alhaji Uba ya amsa. "Roƙo yake a rage wa Bakano barkono, kada ya yi mana kuka a ƙasar mutane."

Alhaji Sabo ya naɗe hannun riga. "Irin wanda kake ci za a zuba mini. Ka ce masa ma ya ƙara."

Ban ce ya ƙara ba, amma ba a buƙaci in ce ba. Basha ya zo da bokitin baya yana murmushi kamar mai aurar da ɗa.

Loma ta farko Alhaji Sabo ya ce, "Wannan ne barkonon?" Ta biyu ya ce ba laifi. A ta huɗu ya daina magana. Na ga jijiyar goshinsa ta tashi, ya cire hula ya ajiye a cinya. Sai ya yi dabarar da kowa zai yi da magani mai ɗaci, ya riƙa tura loma da sauri don ya gama ya huta. Ya share tiren tas, ya jingina da kujera yana numfashi ta baki. Basha na hangowa ya taho da gudu, ya tula sabuwar shinkafa, ya malala miya fiye da ta farko, ya dafa kafaɗata yana nuna Alhaji da babban yatsa.

Na sunkuya na ce, "Ranka ya daɗe, a nan idan mutum ya ƙoshi, hannu yake ɗorawa a kan tiren."

Alhaji Uba ya ji. "Ɗora hannun mana, Sabo. Ɗora ka yi saranda, mu shaida."

"Wa ya ce muku na ƙoshi?" Muryarsa ta shaƙe kamar ta mai mura. Ya mayar da hannun hagunsa bayan kujera, ya ci gaba.

Ni dai abincina ya gagare ni. Ina zaune ina kallon aikina yana narkewa tare da Alhaji. Ba dama in miƙa hannuna a kan abincin babba, ba dama in ce masa ya isa a gaban abokin wasansa. Na yi wa Basha alama da ido ya daina, shi kuma ya ɗauka rowa nake yi wa baƙona, ya harare ni ya ƙara tsoka biyu. Na roƙa aka kawo kindirmo da wuri, na tura gaban Alhaji.

"Ga nonon yaye an kawo maka," in ji Alhaji Uba.

Alhaji Sabo ya ture kwanon da bayan hannu. Hawaye na bin kumatunsa, shaƙuwa ta kama shi, kowace shaƙuwa sai tebur ya motsa. Ya sake share tiren, Basha ya sake cikawa. A wannan karon ya kai loma baki, tari ya sarƙe shi, miya ta fantsama a gaban farar shaddar. Ya miƙe ya nufi famfo, ya tara kansa gaba ɗaya a ƙarƙashin ruwa. Direbobin da ke wurin, waɗanda ba mugunta suke nufi ba, suka tafa masa kamar yadda suka taɓa tafa mini. Ya ɗago, ruwa na zuba daga gemunsa, ya dube su, ya dube ni. Ya juya mana baya. Ya fita ya tare tasi, ko hularsa bai ɗauka ba.

Na yunƙura zan bi shi, Alhaji Uba ya riƙe mini riga da hannun hagu. Sai a lokacin na lura da shi sosai. Ya tura hula ƙeya, ya zame a kujera, miya har gwiwar hannu, idonsa a lumshe. Barkonon ko a jikinsa.

"Zauna, rabu da shi. Kai, Malam Sale! Wannan miya tun rasuwar tsohuwata ban sha irinta ba. Ka ce wa mutumin nan ya zo Zariya in ba shi gida." Ya suɗe yatsa. "Aiki kake nema ko? Ni ma ina da lodi a garin nan, ko Sabo kaɗai ka ga yana da kwantena? Wallahi ka samu aiki a wurina. An gama. Miƙo mini wancan jan garin."

Na miƙa masa. Na yi godiya har na rasa abin faɗa.

Da yamma na ba Bitrus labari. Ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya tambaye ni, "Baba, da ya yi maka alkawarin, ya wanke hannu ko bai wanke ba?"

Na ce bai wanke ba.

"To ka koma ya maimaita da busasshen hannu."

Na san abin da yake nufi. Ni fa Bahaushe ne, na san santi idan na gan shi. Amma mutum ya ce wallahi, kuma ba ni da wani abin riƙewa sai wannan.

Na fara neman Alhaji Sabo don in mayar masa da hularsa in ba shi haƙuri. Wayarsa ba a ɗagawa. Na roƙi foman rabin yini na je otal, aka ce yana kwance, ciki ya hana shi fita har lodinsa ya wuce ba ya wurin. Na koma washegari, na zauna a falo tun hantsi har la'asar. Da ya fito daga lif ya rame, yana tafiya a hankali. Na durƙusa na miƙa hular. Ya karɓa bai dube ni ba.

"Ranka ya daɗe, don Allah a yi haƙuri. Na so a zuba maka..."

"Ka so a zuba mini ta yara, na ji. Sale, ka kai ni lungu Indiyawa sun tafa mini, Bazazzagi yana kallo. Yanzu duk Dera ba wanda bai ji ba. Jiya wani yaron shago ya tambaye ni ko a kawo mini kindirmo." Ya sa hular. "Kullum na gan ka a bakin kwantenata sai na tuna. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Ya wuce. Ban bi shi ba, domin na san irin wannan magana ba ta da gyara.

Alhaji Uba na same shi a ɗakinsa, ana ta ɗaure masa akwatuna zai tashi washegari. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka ba ni lemo, ya sake ba da labarin Alhaji Sabo da famfo ga mutanen da ke ɗakin, har da kwaikwayon shaƙuwar. Na jira aka gama dariya.

"Alhaji, na zo ne a kan maganar aikin."

"Wane aiki?"

"Wanda ka ce na samu a wurinka. Ranar Juma'a."

Ya dube ni da mamaki na gaskiya. "Ni na faɗi haka? A ina?"

"A shagon Basha, muna cin abinci."

Sai ya fashe da dariya har yana dukan cinya. "Haba Malam Sale! Da girmanka da furfurarka, maganar santi kake riƙewa? Ai shi ma mai shagon na yi masa alkawarin gida a Zariya, ka ga ya zo karɓar mukulli? Ni ƙanin matata ne ke tsaya mini a kan lodi, in kore shi in kwana a ina?"

Mutanen ɗakin suka taya shi. Na yi murmushi ni ma, don ban san me zan yi da fuskata ba. Na ajiye lemon ban sha ba, na yi sallama. Har na kai ƙofa ya kira ni.

"Tsaya, tsaya. Kafin in tashi gobe ina so in koma wurin nan, zan kai mutanen nan su ma su ɗanɗana. Yi wa direba kwatance, ta ina ake shiga lungun?"

Na tsaya riƙe da ƙofa. Shekara biyu ina cewa to a garin nan, ga foman, ga 'yan kasuwa, ga duk wanda ya ɗaga mini murya.

Na ce, "Na manta hanyar, Alhaji."

"Ka manta? Wurin da kake zuwa duk Juma'a?"

"Tsufa ne, ranka ya daɗe."

Ya buɗe baki, ban jira ba, na ja ƙofar a hankali na sauka.

Ba wanda ya ɗauke ni. Kamfani ya yanka mini tikiti, foman ya ce ranar tafiya za a ba ni fasfona a filin jirgi. Na kira Hajara na gaya mata, ta ce in dai da lafiyata zan dawo, ta gode wa Allah, sauran magana sai na zo.

Juma'ar ƙarshe Bitrus yana wurin wani aiki a Sharja, ni kaɗai na je Satwa. Basha ya tambaye ni ina manyan baƙina, musamman mai farar riga, jarumin da ya share tire. Na ce sun koma gida. Na yi masa alamar jirgi da hannu, na nuna ƙirjina, na ce ni ma kalas. Ya tsaya da bokiti a hannu yana dubana, sannan ya wuce baya ya daɗe, ya dawo da miyar da ya kankaro daga gindin tukunya, inda mai da barkono suka taru. Ya ja kujera ya zauna a gabana, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba.

Na ci a hankali. Can ya ga idona ya cika, ruwa na gangarowa, sai ya yi tsalle ya miƙe yana kiran direbobi su zo su gani, yau dai barkonon Guntur ya kama Najeriya. Suka taso suna dariya suna bubbuga bayana. Na bar su a haka, na ɗaga masa tiren ya ƙara.